Yadda Ake Tara Ƙananan Motocin Soja Tare da Karatun Tarihin Yaƙi a Kumasi

Abin da ya fi cinye kuɗin sabon mai tara ƙananan motocin soja shi ne sayen duk abin da ya gani kore mai bindiga a ka. Kafin shekara ta zagayo, kantar ajiyarsa ta cika: tankar Jamus kusa da jif ɗin Amurka, gefensu wata motar roba da babu irinta a kowace runduna ta duniya, wata ƙarama, wata ƙatuwa, babu abin da ya haɗa su. In baƙo ya tambaya a wane yaƙi aka yi amfani da wannan, sai a hau kame-kame. Maganin abin shi ne littafi ya riƙa yi wa aljihu jagora: ka karanta tukuna, ka san motar da kake nema, sannan ka shiga kasuwa.

Mataki na farko: tsayar da yaƙi ɗaya

Ɗan Zango ba sai ya je nesa neman abin da zai tara a kai ba, domin sunayen barikokin ƙasar nan kaɗai sun isa su ba shi aikin shekaru. Barikin Uaddara da ke nan Kumasi ya samo sunansa daga gumurzun da sojojin Gold Coast, wato Ghana ta yau, suka yi da Italiyawa a kudancin Habasha a watan Mayun 1941, bayan sun ƙetare kogin Juba a Somaliya a watan Fabrairun wannan shekara. Burma Camp na Accra da barikin Myohaung na Takoradi suna tuna yaƙin Burma ne, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kara da Japanawa, aka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, shi ya sa taken rundunar Gold Coast ya kasance "Kullum Shiri", kuma gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna da kakan da ya sa kaki.

Kowane fage da irin motocinsa, kuma a nan ne karatu yake hana asara. In ka zaɓi Gabashin Afirka na 1941, abin nemanka manyan motocin ɗaukar kaya ne ƙirar Ford da Chevrolet, da mota mai sulke Marmon-Herrington da aka ƙera a Afirka ta Kudu. Kada ka ɗora jif a wannan kanta, domin sai ƙarshen 1941 aka fara ƙera jif ƙirar Willys MB da yawa. In Burma ce, jif na da gurbi, haka jirgin Dakota da yake jefo wa dakaru abinci da harsashi daga sama, da tankokin Stuart da Lee da Sherman, da ƙaramar tankar Japan Ha-Go. Sai dai ka sani, a kwarin Kaladan na Burma runduna ta 81 ta fi dogara da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka fiye da mota, saboda haka kantar Kaladan ta gaskiya ba ta cika da ƙarfe ba. Tankar Tiger ta Jamus, wadda kowa ke rububi, ba ta taɓa taka Burma ko Habasha ba.

Mai son jirage ya duba hanyar Takoradi. Daga watan Satumban 1940 ake kawo jiragen Hurricane da Blenheim cikin akwatuna ta ruwa, a harhaɗa su a Takoradi, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartoum har Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya.

Mai son zamanin bayan 'yancin kai kuwa yana da Kongo ta 1960, da Lebanon inda sojan Ghana ke aikin kiyaye zaman lafiya tun 1979, da Laberiya ta 1990 lokacin da Janar Arnold Quainoo ya fara jagorantar ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, da Ruwanda ta 1994. A nan ne Land Rover, wadda sai 1948 ta fito, da motoci masu sulke Ferret da Saladin da Mowag, da babbar mota Bedford RL suke shigowa. A ganinmu wannan fagen ya fi wa mai farawa sauƙi, domin kamfanonin Ingila sun ƙera ƙananan Ferret da Saladin da Bedford da yawa, kuma sun fi faɗowa cikin kayan gwanjo.

Mataki na biyu: tsara karatun

Littattafai iri uku ake so a kan yaƙin da ka zaɓa. Na farko tarihi na gaba ɗaya, wanda zai ba ka taswira da jerin shekaru. Fighting for Britain na David Killingray ya yi wannan aiki a kan sojojin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu. Na biyu littafin wanda ya halarci fagen da kansa, kamar War Bush na John Hamilton a kan runduna ta 81, ko Guns Over Kigali na Janar Henry Kwami Anyidoho a kan Ruwanda. Na uku ƙagaggen labari, irin mai sa zuciya dukan uku-uku. Burma Boy na Biyi Bandele yana cikinsu, kuma jarumin ciki yaro ne mai jin Hausa.

Ka bi su a wannan jerin. Wanda ya fara da ƙagaggen labari yakan ɗauki abin da marubuci ya shirya don daɗin karatu a matsayin hujja. Marubutan labaran leƙen asiri da sojan haya sun iya ambaton sunan bindiga da lambar mota don mai karatu ya sakankance, wasu sun yi bincike sosai, wasu sun cusa motar 1958 cikin yaƙin 1944. Ƙagaggen labari yana ba ka zafin daji da tsoron dare da yunwa, amma ba shi ke yanke hukuncin abin da zai hau kanta ba.

Ka tanadi littafin rubutu mai layi, ka raba kowane shafi gida biyar: shekara, wuri, runduna, mota ko jirgi, sunan littafi da lambar shafi. Duk inda aka ambaci abin hawa, ka shigar. Littattafan tarihi suna da fihirisa a baya, ka fara da ita, ka nemo kalmomin mota da tanka da sufuri. Motar da ta fito a littattafai biyu daban, ko a littafi ɗaya da hoto ɗaya mai kwanan wata, ita ce ta cancanci kuɗinka. Laburaren Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu da masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a Adum wuraren farawa ne. Kuma in a gidanku ko maƙwabta akwai hoton tsohon soja, ka nemi izini ka ɗauka da waya, ka tambayi tsofaffin gidan abin da suka ji daga bakinsa. Lambar yabo gadon gida ce, kada ka taya.

Mataki na uku: ga na gaske da idonka

Kumasi Fort da ke Adum, wanda Turawan Ingila suka kammala a 1897, aka kuma yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a ciki lokacin yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, gidan tarihin soja ne tun farkon shekarun 1950. Akwai motoci masu sulke da bindigogin kakkaɓo jirage da makamai da hotunan Yaƙin Duniya na Biyu. Ka je da littafin rubutunka, ka tambayi jagora ko an yarda da ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya. Ka lura da tsayin taya in an gwada da mutum, da inda ƙofa take, da yadda fenti ke koɗewa a gefuna. Wanda ya tsaya kusa da mota mai sulke ta gaske ba a yi masa sakiyar da ba ruwa da ta jabu a kasuwa. A wajen gidan tarihi kuwa, kada ka ɗauki hoton bariki ko ayarin soja, kada ka tara kwanson harsashi na gaske, kuma dokar Ghana ta hana farar hula sa kakin soja.

Mataki na huɗu: ma'auni ɗaya

Lambar da ake rubutawa a kwali, kamar 1:72, tana nufin an rage motar gaske sau 72. Jif ɗin Willys tsawonsa kusan mita 3.3 ne; a 1:72 zai zo wajen santimita 4.6, a 1:43 kusan 7.7, a 1:35 kusan 9.5. Sherman a 1:72 wajen santimita 8 ce, a 1:35 kuwa ta doshi 17. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya ya tsaya a 1:72 ko 1:76, waɗanda suke zama tare ba tare da ido ya ga bambanci sosai ba, kuma jirage ma a 1:72 suka fi yawa. Motocin soja na kamfanin Dinky na shekarun 1950 suna wajen 1:60, na Solido 1:50, na Tamiya da ake harhaɗawa 1:35. Ƙananan Matchbox ba su da tsayayyen ma'auni, an ƙera kowace don ta shiga kwali iri ɗaya ne, shi ya sa babbar mota da ƙarama suke zuwa kusan tsawo ɗaya. In su kake so, ka ware musu tasu kanta. Ka riƙa yawo da ƙaramar rula a aljihu.

Mataki na biyar: shiga kasuwa

Inda ake dacewa shi ne wajen masu buɗe dilar kayan wasan yara na gwanjo a kasuwar Kejetia da kewayenta, da shagunan kayan da aka yi amfani da su a Turai. Ka ƙulla sabo da mai kaya ɗaya ko biyu, ka nuna musu hoto a waya, ka bar lambarka don su kira ka ranar buɗe dila. Wajen ciniki kada ka ɗaga wadda ta tsone maka ido ita kaɗai, ka haɗa ta da biyu, ka ce, "Hajiya, waɗannan ukun gaba ɗaya nawa za ki sallama?" In farashi ya yi daidai ka biya, ba kyau a danne mai sayarwa don bai san abin da ke hannunsa ba, kuma gobe ma rana ce.

Kowace mota ka kife ta tukuna, a ƙasa gaskiya take. Tsohuwar Dinky tana ɗauke da sunan kamfanin Meccano da Ingila. Masana'antarsu ta Liverpool ta rufe a 1979. Akwai sababbi da aka sake ƙerawa a Sin da kamannin tsofaffin, suna da kyau, amma ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma an rubuta ƙasar a ƙasansu. Tsohuwar Matchbox tana da sunan kamfanin Lesney. Kamfanin ya durƙushe a 1982, daga baya ƙira ta koma Macau da Sin da Tailan. Lambobin da suka dace da fagen Ghana sun haɗa da Dinky 680 Ferret da 621 Bedford, da Matchbox 61 Ferret da 67 Saladin.

Daga nan ka duba ribit, wato ƙusar da aka danne kanta a masana'anta don ta riƙe gangar jiki da farantin ƙasa. In kan ƙusar a mulmule yake sumul, ba a taɓa buɗe motar ba. In ka ga alamar huda, ko gam, ko an sa ƙusa mai zare, an buɗe ta, galibi don sake fenti. Fenti mai kauri da ya cike layin ƙofa, ko ya taɓa taya, shi ma shaida ne. Motar da ke da fentinta na asali ko da ya ɗan ɓantare ta fi wadda aka sake wa fenti daraja.

Abin da ba a saye ko da kyauta ce za a ƙara maka shi ne motar da ƙarfenta ya fara ruɓewa. Waɗannan motoci da gaurayen tutiya da alminiyam ake zuba su, kuma in dalma ta gurɓata gaurayen tun a masana'anta, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya yi ƙananan tsaga ko'ina, ƙasan ya lanƙwashe, ƙofa ta ƙi rufuwa, daga baya ya marmashe a hannu. Danshi yana gaggauta shi, kuma babu magani. Ba ya yaɗuwa zuwa wata mota, amma alama ce cewa dilar ta sha laima, sai ka ƙara sa ido a kan sauran. Ka ƙirga tayoyi, ka juya kan tanka, ka duba bakin igwa da sarƙa. Taya ana samun madadinta, amma sarƙar tanka da kan bindiga in sun ɓata sai an wahala.

Mataki na shida: wanki da ƙaramin gyara

Fara da busasshen buroshi mai laushi, irin na kwalliyar mata, ka kaɗe ƙura. Sannan ka ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo biyu a rabin kofin ruwa mai ɗumi, ka tsoma tsinke mai auduga, ka matse, ka bi jikin motar kaɗan-kaɗan. Kada ka nutsa ta cikin ruwa, domin ruwan zai maƙale a ciki ya sa sandar taya da farantin ƙasa tsatsa. Ka kauce wa tambari da sitika. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge farce duk haramun ne a nan: suna cinye fenti, suna narkar da gilashin roba. Ka shanya a inuwa gaban fanka yini guda.

Sandar taya mai tsatsa, ɗigon man keken ɗinki a bakin tsinken sakace ya isa, ka juya tayar, ka goge rarar, kada mai ya taɓa roba. In sandar ta lanƙwashe, ka naɗe bakin filaya da ƙyalle ka miƙe ta a hankali. Tayar da ta tsage ko ta ɓata, ka ɗauki motar zuwa wajen masu kayan gyara a Suame Magazine, ka nemi zoben roba baƙi irin na hana yoyon mai, wanda faɗin cikinsa ya gaza na ƙafar da kamar milimita ɗaya. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi minti biyu ya yi laushi, sannan ka sa. Ba shi da zanen taya, amma motar za ta tsaya daidai.

Gam ma kowane da wurinsa. Ƙarfe da ƙarfe, gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin Araldite. Gilashin roba, farin gam na kafinta, domin gam mai kamawa nan take yana fitar da tururin da ke bar wa gilashi farin hazo da ba ya fita. Tsofaffin motoci kuma fentinsu na iya ƙunsar dalma, ga ƙananan sassa masu shaƙe yaro, saboda haka ba na wasan yara ba ne, a kulle su.

Mai son harhaɗa na roba da kansa ya wanke sassan da ruwan sabulu kafin komai, ya yanke su da abin yankan farce, ya goge wurin yankan da takardar yashi mai lamba 600. Fenti mai narkewa da ruwa a tsinka shi ya yi kamar madarar shanu, a shafa sau biyu ko uku siriri-siriri maimakon sau ɗaya mai kauri. Fesa fenti ko man ƙyalli ranar da hadari ya haɗu yakan bar fari-fari a jiki saboda danshi. A bari sai hantsi ya dubi ludayi a ranar da gari ya bushe. Da hunturu kuwa ƙura ce matsalar, sai a kife roba mai tsabta a kan aikin har ya bushe. Akwatunan sukan zo da ƙananan sojoji. Wanda ba ya son ajiye mutum-mutumi a ɗaki ya bar su a kwali, motar ba ta rasa komai ba.

Mataki na bakwai: ma'aji

Kumasi gari ne mai damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan ƙurar hunturu ta biyo baya. Kanta a buɗe ba ta yi. Ka je wajen masu haɗa akwatin gilashi da alminiyam, irin wanda masu sayar da waya ke amfani da shi, ka ba da awo: zurfin kanta santimita 15 zuwa 20 don 1:72, 30 don 1:35, tsakanin kanta da kanta santimita 12 zuwa 15, gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, da makulli. Ka ce a liƙa siririn soso a bakin ƙofa don toshe kafar ƙura. Ka janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, kada ya jingina da bangon da ruwan sama ke duka, kada rana ta faɗo masa ta taga, domin tana koɗar da fenti, ta mai da gilashin roba rawaya. Fitila in za a sa, LED ce, mai zafi tana lanƙwasa roba.

A ciki ka ajiye ƙaramin agogon awon danshi, burinka ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Abin da ke shanye danshin shi ne ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu cikin kwalin takalmi. Giram 50 zuwa 100 ya isa akwati rufaffe mai cin lita 20. Silika mai ruwan lemo tana komawa kore in ta ƙoshi. Sai a juye ta a faranti, a sa a oven a zafin digiri 110 zuwa 120 na awa biyu, ta huce a rufe, a mayar. Motar da za a ajiye a kwali a naɗe ta da farin ƙyallen auduga. Jarida tana bar mata tawada, ledar kumfa tana buga tabonta a fenti in zafi ya yi yawa, robar ɗaure kuɗi kuwa narkewa take ta manne. Tayar roba mai laushi in ta daɗe a kan kantar roba tana cin wurin, sai a shimfiɗa farar takarda mai kauri a ƙasa.

Littattafai su ma danshin nan ne abokin gabarsu, ga gara da kyankyaso. Na gwanjo kada ya shiga cikin sauran sai ka kaɗe shi a waje, shafi-shafi. In ka ga ƙwari ko ƙananan huda, ka sa shi a leda, ka matse iska, ka ɗaure, ka ajiye a firiza mako guda, in dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta katse ka ƙara kwanaki. Da ka fitar, ka bar shi cikin ledar yini ɗaya kafin ka buɗe, don raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Mai fumfuna a buɗe shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a goge da busasshen buroshi, hanci a rufe. Shafin da ya yage kada a liƙa masa salatif, da shekaru yakan bar tabo mai ruwan ƙasa.

Mataki na takwas: katin kowace mota

Ka yanka farin kati santimita 5 da 3, ka rubuta sunan motar, ma'auni, kamfani, fagen yaƙi da shekara, a baya kuma littafi da shafin da ya kawo ta. Kantar Burma za ta yi kyau da tambarin rundunonin: na 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wato Ananse, gizon tatsuniyoyin Ashanti, na 82 kuwa māsu biyu a gicciye a kan gammo. Ana iya zana su da hannu a kan katin. A littafin rubutunka ka ƙara ranar saye da farashi da duk gyaran da ka yi, har zoben robar da ka sa a madadin taya, domin ranar musaya ko sayarwa dole ka faɗa wa mai saye.

In abin da littafi ya nuna ya ƙi samuwa a gida, sai oda ta intanet ko saƙo ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Turai. Ka nemi hoton ƙasan motar da na ribit kafin ka tura ko sisi, ka lissafa kuɗin aikawa da na kwastan a kan farashi, domin sau da yawa sukan fi kuɗin motar kanta. Ka haɗa uku ko huɗu a ƙunshi ɗaya, ka ce a naɗe kowace daban, a cire kan tanka in yana cirewa, kuma da ƙunshin ya iso ka buɗe shi kana ɗaukar bidiyo, don in wani abu ya karye a hanya ka sami shaidar neman a mayar maka da kuɗinka.